Rigar Mota Da Rufin Asiri

Hausawa na cewa in kana da kyau ka ƙara da wanka. To amma idan jiki na da gyambo fa, wanka da sabuwar riga za su warkar da shi? Abin da ya faru da motar gidanmu ne ya jefa ni cikin wannan tunani, shi ya sa na ga ya dace in ba ku labari.

A shekarar 2021 Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa a Agege, inda aka haife mu duka. Abin da ya bari mai ɗan tsoka shi ne wata Toyota Corolla ruwan toka, 'yar Kwatano. Muka yi shawara kada a sayar a raba, Yayana ya riƙa ɗaukar fasinja da ita ta hanyar manhajar waya. Da wannan mota ake cefane, da ita ake biya mini kuɗin makaranta.

Duk wanda ya zauna a Legas ya san ba ta raga wa ƙarfe. Ga rana, ga ruwan sama, ga iskar teku mai gishiri. Zuwa 2023 fentin bonet da na rufi ya koɗe, ƙasan ƙofar baya kuma ya fara tsatsa. Fasinja ya kan leƙo, ya yatsina fuska, ya ce ya fasa. Kuɗin sabon fenti mai kyau ya fi ƙarfin Yaya, ga kwanakin da motar za ta yi ba aiki. Ana cikin haka wani abokinsa ya kawo shawarar a liƙa mata leda.

Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai sani ba. Wannan leda ana yin ta ne da sinadarin roba da ake kira PVC, dangin wanda ake yin bututun ruwa da shi, sai dai an tausasa shi an shimfiɗa shi siriri, kaurinsa kamar na takarda. Fuska ɗaya launi, ɗaya fuskar gam. Tana zuwa a naɗe, faɗinta kimanin santimita 152, ƙaramar mota kuma ta kan ci wajen mita 15 zuwa 18. Iri biyu ce. Akwai wadda ake zuba ta tana ruwa-ruwa a kan faifai ta bushe. Ita ce mai tsada, tana bin lanƙwasar jikin mota ba ta ja da baya. Akwai kuma wadda ake murza ta tsakanin manyan ƙarafa kamar ana murza taliya. Ita ce mai araha, amma da ta sha rana sai ta fara tsukewa, gefenta ya ɗago. Kamfanoni irin su 3M da Avery Dennison na Amurka da Orafol na Jamus sun yi suna a wannan sana'a. A Jamus ɗin ma, a 1971 aka wajabta wa tasi-tasi wani launi mai kama da hauren giwa, sai masu tasi da yawa suka koma sayen mota baƙa ko ruwan azurfa su liƙa mata ledar wannan launi. Ranar sayarwa sai a ɓare, fentin asali ya fito fes.

Mu dai ba mu san da wannan bambanci ba a lokacin. Muka nemi mai sauƙin kuɗi. Yaya ya nuna masa tsatsar, ya kaɗa hannu ya ce leda za ta rufe komai. Cikin yini guda ya gama. Gaskiya ranar da motar ta shigo layinmu, shuɗiya tana walƙiya, har yara suka biyo ta da gudu. Ni kaina na yi hoto a jikinta.

Murna ta fara komawa ciki tun makon farko. 'Yan sanda suka tare Yaya a hanya: takarda ta ce ruwan toka, ido ya ce shuɗi. Ashe wanda ya sauya launin mota dole ya je a gyara masa takardu. A ofishin lasin ne ma ya ji cewa tun 1977 doka ta hana farar hula amfani da koren launin motocin soja. Aka gyara takardu, aka wuce wannan.

Kafin damina ta biyu ta ƙare, gefen ledar ya ɗago a bakin ƙofofi, ƙura ta shige ciki. A wurin tsatsar nan kuwa sai ƙuraje suka taso kamar ƙyanda. Muka kai ta wurin wani dattijo Bayarabe da ya daɗe a sana'ar. Ya hura wa wurin iska mai zafi, ya ja ledar a hankali. Sai ga fenti ya biyo ta, ga rami a ƙarfe wanda yatsa zai shiga. Ya ce mana leda ba ta kashe tsatsa, ɓoye ta kawai take yi, danshi ya maƙale a ƙasa yana ci. Amfaninta shi ne ta kare lafiyayyen fenti daga rana da ƙananan ƙarce-ƙarce. Ko tsakuwar da taya ke cillowa ba ta tare ta sosai. Wannan aikin wata leda ce daban, mai kauri, wadda ake ganin fenti ta cikinta.

Nan fa jarrabawa ta zo. Wani dillali ya raɗa wa Yaya cewa a cusa wa ramin ƙulli, a sake rufewa da leda, shi zai samo mai saye kafin asiri ya tonu. Kuɗin da ya ambata zai biya mini makaranta har in gama. Ba zan ɓoye muku ba, ni ne na fi kowa goyon baya. Da dare Yaya ya kai wa Inna maganar. Ta yi shiru, sannan ta ce, ba tare da ta kama sunansa ba, da yake ɗan fari ne: "Kai wannan, wanda za ka sayar wa, shi ba ɗan wani ba ne? Mahaifinku ya yi shekaru yana sayar da goro, bai taɓa jera masu kyau a sama ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasan huhu ba. Ba za a fara da motarsa ba." Yaya ya ce, "Allah Ya huci zuciyarki, Inna." Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai.

Inna ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya. Mai gyaran jikin mota ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya yi walda, aka yi masa fenti, aka bar shi makonni ya bushe sarai. Sannan dattijon nan ya karɓa. Na zauna na kalli aikinsa kwana uku. Ya kwance madubai da hannun ƙofa, ya wanke motar, ya goge ta da sifirit har ba sauran maiƙo. Shi da yaronsa su kan ja ledar su ɗora, ya bi ta da ɗan allon roba daga tsakiya zuwa gefe yana korar iska. A ƙarshe ya gasa kowace lanƙwasa da zafin da ya kai wajen digiri 90, don ledar ta manta da siffarta ta da. Ya gargaɗe mu cewa shekara biyar zuwa bakwai da ake faɗa lissafin ƙasashen sanyi ne. A ranarmu sai an nema mata inuwa, a riƙa wanke ta da hannu.

Da malaminmu ya ba mu aikin ƙirƙirar kalmomi, wannan abu na ɗauka. Direbobi na cewa leda ko sitika, Inna na cewa lulluɓi. Ni na zaɓi "rigar mota", domin riga tana ado, tana kare jiki, ana cire ta, amma ba ta magani. Malam ya karɓa, ya ce in ji ra'ayinku.

Motar na nan tana aiki, bashin 'yan kunnen Inna kuma yana wuyana. Shi na sa a gaba da zarar Allah Ya sa na kama albashin farko.