Agogon moto ya tsaya: daga ƙafa ake fara bincike

Moton daji irin Yamaha DT 125 ya daɗe yana aiki a karkara. Malaman gona da malaman dabbobi suna shiga da shi inda mota ba ta shiga. Wannan moto ba shi da allurar da ke nuna yawan mai cikin tanki. Mai shi yana duba lambobin kilomita da ke cikin agogo, da su yake sanin inda mai zai kai shi. Saboda haka tsayawar agogo ba ƙaramin abu ba ne.

Wani malamin dabbobi da ke aiki arewa da Dakoro ya gamu da wannan matsala lokacin rigakafin ciwon huhun shanu. Maganin yana cikin akwatin ƙanƙara, ba ya jure zafi. An riga an aika ma makiyaya su tara shanu bakin rijiyoyi. In mai ya ƙare mashi tsakanin rijiya da rijiya, ƙanƙara za ta narke, magani ya lalace, shanu su watse ba rigakafi. Ana saura kwana 2 ya tashi, sai agogo ya tsaya cik.

Ya tafi wurin wani tsoho mai gyaran moto, ya ce a sayo sabon agogo. Tsoho ya ce: "Malam, allurar gudu kaɗai ta tsaya, ko har da lambobi?"

Ya ce: "Duka biyu, Baba."

Tsoho ya ce: "To, mai da kuɗinka aljihu tukuna. Ciwon yana ƙasa."

Ga dalilin tambayar tsoho. A tsakiyar ƙafar gaba akwai wani ƙaramin ƙarfe mai haƙora. Ƙafa na juyawa, shi ma yana juyawa, yana murza wata waya da ke cikin kube. Wayar ta hau har cikin agogo. Can tana juya mayen ƙarfe wanda ke jan allura, tana kuma tura lambobi. Ƙafar gaba ta wannan moto tana juyawa fiye da sau 450 kafin kilomita 1 ya cika. In lambobi suna tafiya amma allura ta kwanta, ɓarnar tana cikin agogo. In duka biyu sun tsaya, sai a fara neman ta ga waya ko ga ƙafa.

Tsoho ya kwance wayar daga gindin agogo. Ya ɗora moto bisa turmi, ƙafar gaba tana reto. Yaronshi ya juya ƙafa, suna kallon bakin waya mai kusurwa huɗu. Bai motsa ba. Ya zaro wayar daga kube, ya ga ba ta tsinke ba. Ya sa bakinta cikin agogo, ya murza da yatsu, sai allura ta zabura. Ashe agogo lafiya lau yake.

Saura ƙafa. Da aka cire ta, sai ga ɓarna a fili. Akwai ƴan kunnuwa na ƙarfe da ke shiga gurbinsu cikin ƙafa, su ke juya haƙoran. Sun lanƙwashe. Kwanan baya ƙayar aduwa ta huda taya a daji, aka yi faci. Wanda ya mai da ƙafa bai daidaita kunnuwan da gurbinsu ba, ya ɗaure noti da ƙarfi, ya danne su. Ga kuma rairayi ya cuɗe da tsohon giris.

Tsoho ya miƙe kunnuwan a hankali da filaya. Ya wanke haƙora da kananzir, ya sa sabon giris. Ya shafa ma waya giris kaɗan, amma ya bar kamar taƙi ɗaya na sama ba giris, don kada ya hau cikin agogo. Ya bi da kube yadda ba zai lanƙwashe ba in an karya kwana. Aka juya ƙafa, allura ta tashi. Malamin ya biya kuɗin aiki kawai. Ya cika tanki, ya rubuta lambar kilomita cikin littafinshi, ya isa kowace rijiya ranar da aka yi alkawari.

Wasu sababbin motoci masu ƙafa biyu ba su da wannan waya mai juyawa, wayar wuta gare su. Su ma daga ƙafa ake farawa. A goge datti, a duba ko waya ta katse.

Jama'a, agogo yakan yi gargaɗi kafin ya tsaya. In allura ta fara rawa, sau da yawa waya ce ta bushe ko ta lanƙwashe, a duba ta tun a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk lokacin da aka cire ƙafar gaba, kafin a ɗaure noti a juya ta, a ga allura ta motsa.