Daren Garki: Tuwo Kafin Wasa Ko Bayansa?

Duk mai zuwa kallon wasan kwaikwayo a Cibiyar Al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Area 10, Garki, sai ya yi shawara da cikinsa. In ya cika shi da tuwo tun magariba, gyangyaɗi ya cinye masa rabin wasan. In kuwa ya ce sai an tashi, to, ya tuna tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja. Ga Kubwa da Nyanya ba nan kusa ba, kuɗin mota kuma yana hawa da nisan dare.

Tsofaffin 'yan kallo kan biya ta Area 1 tun la'asar, a ƙunshe musu kilishi a takarda, su ci a mota kan hanyar gida.