Zagayen Segedin a kan keke

 A wannan wata za mu kai ku can arewa maso gabashin ƙasarmu, garin Segedin, cikin gundumar Bilma, jahar Agadas. Mutanen kudu da yawa a bakin direbobi suka san sunan garin, don a nan hanya take rabuwa biyu: ɗaya ta nufi Jado, ɗaya ta nufi Madama da ƙasar Libiya. Mai mota yakan tsaya ya sha shayi, ya cika bido da ruwa, ya wuce bai ga kome ba. Alhali garin yana da abin gani, kuma mai keke ya fi mai mota ganinsa.

A Ingila, inda keken nan Raleigh ya samo asali a birnin Notingam, mutane sukan hau keke ranar hutu su yi ta zagaya ƙauyuka don shan iska. Tun shekarar 1995 aka fara shirya musu hanyoyi na musamman masu lamba, da alluna a mararraba. Ƙasarsu kore ce, ƙauyuka kusa da kusa, ruwa ko'ina. Mu nan allunanmu su ne dutse da dabino da rijiya. Mai keke a Segedin dole ya san inda taya ke bi, ya kuma san inda take tsayawa. Abin da muke so mu bayyana ke nan.

Yadda ƙasar take

Segedin tana bakin arewa na ƙasar Kawar. Kawar kuwa wani dogon dutse ne da ya miƙe daga arewa zuwa kudu, garuruwa suna jere a gindinsa ta yamma. Dutsen yana tare musu iskar da ke busowa daga arewa maso gabas da rairayin da take ɗaukowa, ruwa kuma yana kusa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa dabino ke rayuwa a wurin da ruwan sama ba ya kai milimita 20 a shekara, wata shekarar ma ko ɗigo. Mazauna garin Barebari ne da Tubawa, amma wanda ya iya Hausa ba zai rasa abokin magana ba.

Hanyar da ta ratsa garin tsohuwa ce ƙwarai. Ita ce ta haɗa Barno da Fezzan har Tarabulus, sarakunan Kanem da Barno sun daɗe suna riƙe da ita. Ta nan Baturen Ingila Kilafaton, wanda Hausawa suka sani da Abdullahi, ya bi da abokansa a shekarar 1823, daga baya ya isa Kano da Sakkwato a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta nan kuma Bart, Bajamushen da ake kira Abdulkarimu, ya koma gida a 1855. Duk a kan raƙumi da doki suka bi ta.

Zagaye na farko: garake da tsohon gari

Wannan shi ne zagayen da ya dace da kowa, yaro da babba. A tashi bayan sallar asuba, a bi ƴan hanyoyin da ke tsakanin garaken dabino. Ƙafafun mutane da na jakuna sun daddaɓe ƙasar, taya tana tafiya ba wahala. Inda rairayi ya taru, a sauka a tura, ba abin kunya ba ne. A ƙarshen sanyi za ka tarar da masu garka a kan itace suna barbarar dabino, wato suna ɗaukar furen namiji suna sa wa macen da hannu. In ba a yi haka ba, ƴaƴa ba sa yin kirki. A lokacin da mutanen kudu ke tsakiyar damina, nan dabino ke nuna.

Daga garake sai a ɓulla tsohon gari. Gini ne na ƙasa mai gishiri, ɗakuna manne da juna, lunguna ƙanana. Mutanen da suka gina shi haka ne don tsoron mahara, ganin cewa duk mai gishiri da dabino a tsakiyar hamada ido yana kansa. Yau ya zama kango. A jingine keke a waje, a shiga da ƙafa, kada a hau bango, kada a ɗauki kome. Abin da kakanni suka bari, na ƴaƴanmu ne su ma su gani.

Wani gargaɗi: garka tana da mai ita. A yi sallama kafin a shiga, kada a tsinki dabino sai an ba ka. Wanda ya yi sallama da ladabi ba ya fita hannu wofi.

Zagaye na biyu: ramukan gishiri

Gishiri shi ne arzikin Kawar tun fil azal, Segedin ma tana da nata ramuka. Ana haƙa rami har a tarar da ruwa mai gishiri, a bar shi rana ta yi ta duka. Ruwan yana ƙafewa, gishiri yana kwantawa a sama kamar ɓawo, mai aiki ya fasa shi ya nutse, wani ya sake taruwa. Da haka har a kwashe a shanya. Aikin ya fi auki da zafi, lokacin da mutum ba ya son fita rana. Duk wanda ya ga ƙafafun masu wannan aiki, ba zai ƙara taya gishiri da wulaƙanci a kasuwa ba.

Hanyar wurin tana da daɗin tafiya don ƙasar a tauri take. Amma gishiri maƙiyin ƙarfe ne. In an dawo gida a goge sarƙa da wayoyin taya da tsumma, in ba haka ba tsatsa za ta cinye keken kafin shekara ta zagayo. Kada kuma a hau da keke kan gefen ramuka, don gefen yakan rufta, ka ɓata wa mutum aikin watanni.

Zagaye na uku: fili wajen dutsen Zumri

Daga bayan gari ana hango dutsen Zumri a tsaye shi kaɗai. Shi ne alamar da matafiya ke dubawa su san sun iso Segedin. Filin da ke wajen gari, wani wurin tsakuwa ne, wani wurin rairayi. A kan tsakuwa keke yana gudu kamar a kan kwalta, iska tana kaɗa ka, ba ka jin kome sai ƙarar taya. Da hantsi duwatsun sukan yi ja, ƙasa ta yi fari, sama ta yi shuɗi har ido ya gaji.

To, a nan ne ake so mutum ya yi hankali. A hamada abu na nesa kusa yake bayyana. Za ka ce yanzu ka isa dutse, ka yi ta tuƙi, shi kuwa yana nan inda yake. Dokar wannan zagaye ɗaya ce: muddin ka waiwaya ba ka hango kawunan dabinon gari ba, ka juyo. In rabin ruwanka ya ƙare, ka juyo, ko da saura ƙiris ka isa. Kada mutum ya fita shi kaɗai, kuma a shaida wa mutanen gida inda aka nufa da lokacin dawowa.

Shirin keke da na mai keke

Watannin fita su ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Da safe akwai sanyi mai shiga ƙashi, sai a sa riga mai kauri da rawani. Da zafi kuwa rana takan wuce awo 45, lokacin ba na yawo ba ne. Rairayi ya fi tauri da sanyin safiya, in rana ta ɗaga sai ya saki. A rage wa taya iska kaɗan, ta fi kwantawa a kan rairayi. Kada a cika wa sarƙa mai, don mai yana kama ƙura ya zama kamar zarto. Ƙayar dabino tana huda taya nan take, saboda haka famfo da kayan faci su zauna a jaka kullum. In akwai iska, a fara tafiya ana fuskantarta tun da sauran ƙarfi, a dawo tana tura ka ta baya. Ruwa kuwa, lita 4 ko 5 ga mutum ɗaya bai yi yawa ba, ko da fitar rabin yini ce.

Hanyoyin da ba na keke ba

Daga Segedin zuwa Dirku wajen kilomita 130 ne. Zuwa Shirfa, ƙofar Jado, ya haura kilomita 100. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, keke mai nauyi kuwa nutsewa yake yi cikin rairayi. Ruwan da zai kai ka, keke ba zai ɗauka ba. Wanda ke son ganin sauran Kawar ya ɗora kekensa a mota ya sauka Anai. Daga nan zuwa Bilma garuruwa suna jere kusa da juna: Ashinuma, Arrigi mai tafki, Dirku, har Bilma inda ake zuba gishirin kantu, inda ayarin raƙuman Abzinawa ke sauka da gero su koma da gishiri da dabino. Can ma a tambayi mutanen wuri da sojojin da ke tsaron hanya kafin a kama tafiya, don hanyar hamada ba kullum take lafiya ba.

Muna nanata wannan magana ne saboda samari. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, ga kuma masu neman tsallakawa Libiya, mutane da yawa suna shiga wannan daji ba su san halinsa ba. A watan Yuni na 2017, wasu matafiya su 75 direbobinsu suka yashe su a hamada. Mutum 24 kawai aka kawo Segedin da rai, ɗaya ma ya cika da isowarsa. Sama da 50 ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Waɗannan da mota suka shiga. Ina ga mai keke, ina ga mai ƙafa?

Saboda haka ɗan'uwa, in Allah ya kawo ka Segedin, kada ka tsaya a bakin hanya kawai. Ka ari keke, ka samu ɗan gari ya yi maka jagora, ka ga garake da gishiri da kangon kakanni, ka dawo kafin azahar. Gani ya kori ji. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabcinsa wannan labari, musamman in yana da ɗa mai shirin tafiya arewa. Allah ya kiyaye matafiya, ya sa wa dabino da gishirinmu albarka. Sai wata na gaba, in Allah ya kai mu.