Fentin gaggawa a ajinmu

Bara, ana saura kwana biyu a koma lakwal a watan Oktoba, iyayen yara suka haɗa kuɗi aka ɗauko mai fenti daga Filinge don ya shafe ƙofofi da tagogin ajinmu a nan Imanan. Don ya gama da wuri, sai ya tsiyaya fetur cikin gwangwanin fentin mai, ya labta shafa ɗaya ya tafi. Ranar buɗewa, kafin ƙarfe goma, yara uku sun kifa kai a kan tebur suna kukan ciwon kai. Ni ma idona sai hawaye yake. Hunturu bai wuce ba fentin ya fara ɓarewa.

Ban ɗora masa laifi shi kaɗai ba, domin mu muka ce ya yi sauri.

Abin ya tuna mini da malaminmu na zane a makarantar horon malamai. Ya taɓa nuna mana hoton wani zane da Jan van Eyck ya yi a 1434 a ƙasar da yau ake kira Beljiyam. Zanen yana Landan, kusan shekara 600 ke nan, launinsa na nan da haskensa. Irin waɗannan masu zane sukan kwaɓa launi da man ƴaƴan shukar lin, su shafa siriri har ana hango na ƙasa, su jira kwanaki ya bushe, sannan su ƙara wani. Wannan mai a hankali yake shan iska har ya ƙafe. Kowace shafa ta sama takan ɗan fi ta ƙasa mai, don kada ta tsage.

Shi ne kuma ya koya mana wanke burushi ba fetur: a murza shi da man gyaɗa, a bi da sabulu. Amma kada a zuba man gyaɗa cikin fenti, don ba ya bushewa.

Fentin gwangwani da ma yana da nasa sinadarin mai hawa kai, ina dalilin ƙara masa fetur? Bana na roƙi iyaye mu fara tun tsakiyar Satumba: shafa biyu sirara, kwana uku tsakani, tagogi a buɗe har wari ya fita. Malamai ƴan uwana, ku ma ku kai wannan magana taron iyaye tun ana hutu. Yaron da kansa ke sarawa ba ya jin karatu.