Mako Uku a Cikin Birnin Zariya

Hutun da ya wuce ban koma gida Funtuwa ba. Daga Samaru na hau mota zuwa Ƙofar Doka, na shiga cikin birni wurin Gwaggona. Idonta ya fara rauni, ga kuma babbar rigar wani a hannunta da ta yi alkawarin gamawa kafin Sallah, har ta karɓi kafin alƙalami.

Ƙannena ɗalibai, wanda ya san Samaru kaɗai bai san Zariya ba. Cikin ganuwa lunguna ne matsattsu da tsofaffin zauruka, ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina kusa da fada. Zaure bayan zaure za ka ga magidanci ya ɗora shadda a gwiwa yana aikin allura. Mata kuma suna nasu a cikin gida.

Rigar Gwaggo aska takwas ce. Mai zane ya riga ya fitar da asaken da tambarin a jikin yadi, saura a bi da zare. Da gani kamar wasa. Ranar farko na soki yatsana ya fi a ƙirga. Rana ta uku na cike rabin aska, na kai mata ina taƙama. Ko kallo ba ta yi ba, shafawa kawai ta yi da yatsa.

"'Yar nan, kin ja zaren da yawa. Warware."

Na warware ina ƙunƙuni, amma gaskiyarta, yadin ya tattare.

Bayan la'asar maƙwabta ke shigowa, kowa da ɗinkinta, a baje tabarmi. Nan ake zancen tsadar zare, da bikin da ke tafe, da wadda za ta kwashi adashi. Wata dattijuwa ta ce da allurar nan ta biya wa ɗanta kuɗin jarrabawa. Da suka ga Sallah ta matso, biyu daga cikinsu suka ajiye nasu suka kama mana, ba wanda ya roƙe su. Ni da ba na iya minti goma ban duba waya ba, sai magariba ta yi ban san inda na ajiye ta ba.

Saura kwana biyu Sallah aka kai rigar mabuga. Da cikon kuɗin Gwaggo ta je asibiti aka yanka mata tabarau, ni kuma ta ba ni allura uku da zare. Yanzu hula nake ɗinkawa a ɗakin kwananmu na makaranta, kuma sau biyu ke nan ina warware ta da kaina.