Abin da Ba Ya Ciwo: Sankarar Mama a Wani Gida Tsakanin Kabo da Gwarzo

A wani ƙauye na ƙasar Kabo, ba nisa da titin da ya tashi daga Kano ya nufi Gwarzo, akwai gidan da aka sani da ƙamshin ƙuli-ƙuli. Uwargidan, wadda yara ke kira Inna, ta haura shekara arba'in, kuma da kuɗin man gyaɗarta ake sayen omo da littattafan makaranta. Wata rana da kaka, tana wanka, sai hannunta ya taɓa wani ƙullutu kamar ƙwayar gurjiya a mamanta na hagu. Ta danna, ba ta ji zafi ba. Ta ɗaura zane ta koma bakin murhu.

Shirun nan nata yana da tushe a cikin harshe. Kalmar ciwo a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu, cuta da kuma zafin da ake ji a jiki, saboda haka abin da ba ya ciwo da wuya a lissafa shi cikin ciwo. Ita kuwa sankarar mama, a mafi yawan lokuta, ba da zafi take farawa ba. Ƙullutu ne, ko kaluluwa a hammata, ko kan mama ya shige ciki, ko ya riƙa fitar da jini, ko fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemo. A lokacin da ta fi jin magani, a lokacin ne ta fi kama da abin da ba komai ba.

Sai kuma kunya. Mama ba gaɓa ba ce kamar hannu ko ƙafa. Nono shi ne abin da uwa ke ambata idan za ta sa albarka ko za ta yi Allah ya isa, kuma shan sa yana haramta aure tsakanin waɗanda ba ciki ɗaya suka fito ba. Macen da alkunya ta hana ta kiran sunan ɗanta na fari, ta yaya za ta buɗe ƙirji a gaban namijin da ba ta sani ba, a kan abin da bai hana ta daka ba?

Sai da bazara ta yi sannan kishiyarta ta lura tana tauna leɓe idan za ta ɗaga taɓarya. Ta bi ta ɗaki ta ce, “Yaya, don girman Allah me kike ɓoyewa?” Da ta gani, sai ta kai maganar ga maigida. Malam ya aika aka kira gwaggonsa, tsohuwar da ba a ƙetare maganarta a dangi. Ta duba ta ce, “Daji ne. Daji kuwa ba ya son ƙarfe. Kada wanda ya kai ta a yi mata allura.”

Wannan hukunci ya cinye wata shida. Aka yi turare, aka yi shafe-shafe, aka dafa sassaƙe, aka sayar da akuya biyu. Ba mugunta ce ta sa gwaggo ta faɗi haka ba. Abin da ta gani ne. Duk wadda ta sani da aka kai asibiti da irin wannan, gawarta aka dawo da ita. Abin da ba ta lura da shi ba shi ne, sai ƙurji ya fashe ake kai su. Jinkiri ke kisa, a ɗora wa wuƙa laifi, tsoron wuƙa kuma ya sake haifar da wani jinkirin. Murray Last, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Gwarzo ta yamma, ya nuna tun 1981 cewa rashin sani, da ma rashin son a sani, wani ɓangare ne na yadda jama'a ke mu'amala da cuta da magani. Inna ta taɓa jin ana maganar sankara a rediyo. Ba ta so ta san cewa da ita ake ba.

Ranar da wurin ya fara ruwa, ɗanta na fari ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti a Gwarzo. Daga nan aka tura su Kano. Aka yanki tsoka aka kai gwaji, aka jira sakamako, sannan likita ya ce cutar ta riga ta kai hammata: sai an yi ƙarin ruwan magani mai ƙarfi sau da yawa, a cire maman, daga baya a yi gashi da na'ura. Malam ya yi kwana uku bai ce uffan ba. A na huɗu ya ce, “Ranki ya fi mana komai.” Ita kuwa abin da ta tambaya shi ne ko za a gaya wa mutanen gari.

Daga nan jinya ta zama ta gida duka. Kowace tafiya Kano kuɗin mota ne na mutum biyu, da na gwajin jini, da na magani, da na abinci. Tumaki suka tafi, sannan ɗaya daga shanun huɗa, sannan aka jinginar da gonar fadama. Kaskon suya ya yi tsatsa. 'Yarta da ke aji biyu na babbar sakandare ta ajiye jaka ta koma zaman jinya, da niyyar zango ɗaya kawai. Da gashin Inna ya zube, sai maƙwabta suka fara raɗa cewa sammu ne, kuma kowa ya san inda ake nuna yatsa a gidan mata biyu. Kishiyar da ke wanke mata miki safe da yamma ita aka daina gaisarwa a bakin rijiya. Bayan zagaye na uku kuɗi suka yanke, aka yi wata biyu ba a koma ba. Da aka koma, cutar ta riga ta shiga ƙashi. Inna ta rasu a farkon damina ta biyu.

Ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, 670,000 kuma suka mutu. A Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata. A ƙasashe masu arziki, fiye da 90 cikin 100 na waɗanda aka gano suna kaiwa shekara biyar a raye. Shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 ya tsaya a kan ƙafa uku: a gano aƙalla 60 cikin 100 tun cutar tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala gwaji cikin kwana 60, sannan 80 cikin 100 su kai ƙarshen magani. A gidan Inna, ƙafa ta farko kunya da kalma suka karya ta, ta uku kuma talauci.

A nan ne manazarta Hausa suke da aiki. Kowane Oktoba ana gangami, ana rataya kyalle mai ruwan hoda, amma da wace kalma ake magana? Idan mai shela ya ce ciwon daji, ya miƙa mai sauraro ga mai magani, domin daji tsohon suna ne da ya tattara kumburi da gyambo iri-iri, yana kuma tafe da dokarsa ta gudun ƙarfe. Idan ya ce kansa, ya ambaci abin da ake ɗauka hukuncin kisa ne. Idan ya ce duk mai jin ciwo ta je asibiti, ya sallami wadda ba ta jin komai. Saƙon da zai yi aiki sai ya faɗi ƙarara cewa ƙullutun da ba ya zafi shi ne abin kaiwa, kuma sai ya bi ta bakin da ake ji: ungozoma, malamar Islamiyya, mai kitso, da liman, domin izinin fita da kuɗin mota suna hannun maza. Gwaggo ma ba abokiyar gaba ba ce. Wadda ta isa ta ce kada a je, ita ta isa ta ce a tafi.

Shekara guda bayan rasuwar, kishiyar ta ji wani abu a nata maman. Ba ta jira wayewar gari biyu ba. Ta ce, “Malam, gobe za ka kai ni.” Gwaji ya nuna ba sankara ba ce, kamar yadda mafi yawan irin waɗannan ƙullutai suke. Yanzu a gidan suna ko biki takan ja mata gefe ta nuna musu yadda ake lalubawa da tafin yatsu har zuwa hammata. Wasu suna dariya, wasu suna rufe fuska da mayafi. Gonar fadama tana hannun wanda aka jinginar wa har yau, yarinyar kuma ita ke suyar ƙuli-ƙuli.