Batirin Kawu

Ranar da Kawu ya dawo daga Indiya, na riƙe wuyan hannunsa ban ji bugun jini ba, ga shi kuwa yana ta yi mini dariya. Ashe famfo aka dasa masa a ɓangaren hagu na zuciya, mai tura jini ba tsayawa, don zuciyar ta huta, wataƙila ta farfaɗo. A 1966 Dakta Michael DeBakey ya sa wa wata mata makamancinsa a Amurka, bayan kwana 10 aka cire, ta warke. Fatanmu ke nan. Kafin ranar, duk daren da aka ɗauke wuta ni ke tayar da janareta. Rai na hannun Allah, amma batirin nan ne sanadi.